Tanti na nan a kasuwa, amma ina dajin da za mu kafa shi?

Idan kana yawan zama a TikTok ko Instagram, da wuya a ce irin bidiyon nan bai taɓa faɗo maka ba. Miji da mata da 'ya'yansu sun loda kaya a bayan mota, sun nausa daji, sun kafa tanti a bakin wani tafki. Uban yana hura wuta, uwar tana soya ƙwai a kan ɗan risho, yara na ta guje-guje da tocila a hannu. Gari ya waye, ba abin da kake ji sai kukan tsuntsaye. Mu kuma martaninmu kusan iri ɗaya ne kullum: wani ya ce Bature ba shi da aikin yi, wani ya ce a gwada wannan a hanyar Birnin Gwari a ga ikon Allah. Sai a bi da dariya, a wuce bidiyo na gaba.

Dariyar nan ce nake so mu ɗan tsaya a kanta. Domin a ganina abin da muke yi wa dariya asara ce, kuma tamu ce.

Da farko dai, kwana a waje ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kai da ke Samaru, ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake ce wa unguwar nan Zangon Shanu? Zango wurin sauka ne. Fatake da masu koro dabbobi su yada kaya, su ɗaure jakuna, su hura wuta, su kwana, da asuba su tashi. Garuruwa nawa ne a ƙasar Hausa ke ɗauke da sunan Zango? Bafulatani har gobe yana kafa bukka a mashekari da matarsa da 'ya'yansa. Manomi kan kwana a gona lokacin kaka yana gadin amfaninsa. Mafarauta su yi kwanaki a dawa. Alhazanmu, maza da mata, tsofaffi da matasa, a tanti suke kwana a Mina kowace shekara. Ko a cikin gari, tambayi mamanka yadda ake fito da tabarmi tsakar gida a watan Afrilu idan zafi ya hana barci a ɗaki, a yi ta tatsuniya har yara su ɓingire. To wa zai koya wa wa kwana a ƙarƙashin taurari?

Abin da waɗancan mutanen ke da shi wanda muka rasa yana bayan kyamara, shi ya sa ba ka ganin sa. A Amurka, inda da yawa daga bidiyoyin nan ke fitowa, kowace jiha tana da gandayen shaƙatawarta, ga kuma dazuzzukan gwamnatin tarayya. Tun 1872 suka keɓe Yellowstone, a 1916 suka kafa hukumar da ke kula da gandayen ƙasa. Mai iyali zai shiga intanet ya kama wuri tun kafin ranar tafiya, ya biya kuɗi, a ba shi fili mai lamba. Akwai wurin da aka tanada don hura wuta, akwai lokacin da za a daina hayaniya da dare, akwai dokar kowa ya kwashe shararsa. Har wuraren da suka fi kowanne zama daji, inda ba lantarki, ba famfo, sai masai na rami ko ma babu, su ma da ƙa'ida: galibi ba ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma akwai jami'in gandu da ke zagayawa. Ma'ana, dajin da kake gani kamar ba kowa a cikinsa, akwai hukuma a ciki. Idan aka kai rahoton ba ka fito ba, za a neme ka. Wannan ne ke ba uwa ƙarfin zuciyar kwantar da ɗanta ɗan shekara huɗu a bayan ƙyalle ta yi barci.

Yanzu dawo gida. Mu 'yan Jihar Kaduna muna da gandun dajin ƙasa namu na kanmu, amma ina tabbatar maka da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su san haka ba. Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 aka ɗaga shi ya zama na ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma ya yi iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Daji ne na doka da maje da kawo da kaɗanya da ɗorawa. An lissafa giwaye a cikinsa, da gwanki, da kanki, da gada, da mugun dawa, da gwaggon biri, da tsuntsaye sama da nau'i 170. Akwai magangarar ruwa da ake kira Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema, wanda ya samo sunansa daga remayen da ke zaune a tsakanin duwatsunsa. Ka sake karanta sunayen nan. Duk Hausa ce. Da a wata ƙasa wurin yake, da tuni mun haddace shi a waya muna cewa Allah Ya kai mu.

Amma yau idan ka ji an ambaci dajin Kamuku a labarai, ka san abin da zai biyo baya: maɓoyar 'yan bindiga, luguden wuta, kuɗin fansa. Yaron da aka haifa a 2012 bai taɓa sanin wata ma'anar kalmar daji ba sai wannan. A wurinsa daji wuri ne da ake kai mutum, ba wurin da mutum ke zuwa da ƙafarsa ba. Kuma kana ganin laifinsa? A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka. Ka duba fa, matasan da ake koya wa aikin daji su aka kora cikin dajin da bakin bindiga. A watan Yunin shekarar aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli nan Zariya cikin dare aka tafi da ɗalibai da malamai. A Maris ɗin 2024 kuma 'yan makarantar Kuriga ne. Masu yawon buɗe ido ma ba su tsira ba: harin da aka kai Kajuru Castle a Afrilun 2019 ya ci ran mutum biyu, ɗaya 'yar Birtaniya.

Wani abin takaicin ma, a shafukan nan namu, waɗanda aka fi gani suna ɗora bidiyo daga cikin dazuzzukanmu su ne 'yan bindigar. Suna zaune a gindin bishiya, ga damin kuɗi, ga bindiga a cinya, wasunmu kuma na bin su suna danna musu alamar so. Wallahi wannan abin kunya ne. Dajin kakanninmu, amma hotonsa a hannun ɓarayi muke kallo.

Tantin ma ma'anarsa ta juye. A can alamar hutu ce. A nan, mutumin da ka ga yana kwana da iyalinsa a ƙarƙashin tamfol, mafi yawan lokuta ƙauyensa aka tasa.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce mutane ba su iya zuwa gona, buhun masara ya gagari talaka, kai kana maganar shan iska a daji? Gaskiya ne, noma da rai sun fi shaƙatawa. Sai dai maganar ɗaya ce. Dajin da iyali za su iya kwana a cikinsa shi ne dajin da manomin gefensa zai iya noma, mace ta shiga tsintar kaɗe ta dawo lafiya, makiyayi na gaskiya ya yi kiwo ba a kore masa shanu ba. Jami'in gandun da ke rubuta sunan baƙo a ƙofa shi ne zai fara ganin sawun babura goma da suka shiga da dare. Lokacin da malaman daji suka ragu, hanyoyin cikin gandu suka mutu, mutanen kirki suka daina shiga, wurin bai zauna haka nan ba. Wasu ne suka tare. Saboda haka duk sanda aka ce mana tsaro ya inganta, akwai ma'auni mai sauƙi da za mu auna maganar da shi: shin mai faɗar zai kai matarsa da 'ya'yansa su kwana a Kamuku ba tare da motar sojoji ba?

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. Mutanen yankin sun samu sa'ida, kuma ba mai hankalin da zai raina wannan. Amma an buɗe kasuwa, an buɗe hanya, ina maganar gandun? Gwamnatin Buhari a ƙarshen 2020 ta amince a ƙara sabbin gandayen ƙasa 10, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da Baturiya a Jigawa. Madalla. Sai dai suna a takarda ba ya korar ɗan bindiga, kuma wanda muke da shi tun 1999 ma ɗan Zariya bai isa ya ɗauki iyalinsa ya je ba.

Kar ka ce mutanenmu ba sa son irin wannan fita. Je ka Yankari a Jihar Bauchi lokacin hutun ƙarshen shekara ka gani. Tun 1962 aka buɗe shi ga jama'a, kuma har yau iyalai da 'yan makaranta na tururuwa don su ga giwa, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki da ba ya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina, su yi faɗa da gwaggon birin da ke fizge leda a hannun mutum. Matsalar ita ce daga Zariya tafiyar yini ce, ga kuɗin mota, ga kuɗin ɗaki. Malamin firamare mai 'ya'ya biyar ba zai iya ba. Amfanin tanti ke nan tun asali: shi ne hutun mai ƙaramin ƙarfi.

To me za mu iya yi daga nan inda muke? Abu na farko shi ne abin da ba za mu yi ba. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya tara abokai su nufi daji don a samu abin ɗorawa. Mabiya dubu goma ba za su haɗa maka kuɗin fansa ba, mahaifinka ne zai sayar da gona.

A fara da kusa, kuma da rana. Dutsen Kufena na nan a bayan gari, da sauran ganuwar da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina. Yaran Sabon Gari nawa ne suka taɓa hawansa? Da yawansu daga gida sai makaranta sai Islamiyya sai waya. Sun san sunayen 'yan wasan Arsenal har da na benci, amma ka nuna musu taura da kanya ba za su bambance ba. Ranar Asabar ɗaya, a haɗa gida biyu ko uku, a sanar da mai unguwar wurin, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a tafi da tabarma da kular abinci da jarkar ruwa, a dawo kafin magariba. Kuma a tafi da mata da 'yan mata. Fitar da ake barin Umma da ƙannenka mata a gida suna wanke-wanke ba ta iyali ba ce, yawon samari ne.

Kwana kuwa, a nan nake ganin manyan cibiyoyin Samaru za su iya taimakawa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da fili mai yawa a cikin shinge, da masu gadi, da dam a kan rafin Kubanni, da lambun tsirrai, da malaman da suka san sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu a yankin nan. Me zai hana a keɓe wani ɗan fili, sau biyu ko uku a lokacin sanyi, iyalai su yi rajista su biya kuɗi kaɗan su kwana ɗaya? A raba wa kowane gida wurinsa, a tanadi banɗaki na maza da na mata da wurin salla. 'Yan Sikawut da Man O' War da 'yan agajin ƙungiyoyin addini sun saba kafa sansani, sun san aikin. Kayan kuma ba sai an yi oda daga waje ba. Tamfol, igiya, gidan sauro, tabarmar roba, fitila mai caji, duk akwai su a kasuwar Sabon Gari, kuma telan da ke ɗinka rumfar biki zai ɗinka tanti idan ya ga masu saye.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya dace: ba ruwan sama, sauro ya ragu. Sai dai sanyin Samaru na watan Janairu ba wasa ba ne, duk wanda ya taɓa fita lakcar ƙarfe bakwai ya sani, don haka a riƙe bargo. Ciyawa ta bushe a lokacin, wuta kaɗan za ta iya cin fili guda, sai a share kewayen murhu kuma a kashe ta da ruwa kafin a kwanta. A zazzage takalmi da safe saboda kunama. Yara kuma kar a bar su su shiga dam, akwai nutsewa, akwai tsargiya.

Sannan ga mu masu waya a hannu. Kakar zaɓen 2027 za ta kawo mana 'yan takara har ƙofar gida, da masu neman kujerar majalisa da masu neman ta gwamna, kowa da alƙawarin tsaro a baki. Idan ka samu dama, a taro ne ko a shafinsa, ka yi masa tambayar da ba zai amsa da "muna iya bakin ƙoƙarinmu" ba. Jami'an gandu nawa ne ke aiki a cikin Kamuku yanzu? Motocin sintiri nawa gare su? Wace shekara ce ɗan makarantar firamare daga Samaru zai shiga bas da malaminsa ya je ya ga Tsaunin Rema?