TURMIN ATAMFA BA YA FITAR DA HATSI

Don Allah a karanta har ƙarshe.

Damina na ƙaratowa, an kuma fara maganar rabon taki. Kullum labarin ɗaya ne: a jera tireloli, a ɗauki hoto, a yanka ƙyalle, sannan takin ya bi ta hannun masu uwa a gindin murhu. Kafin ya iso ƙauye masara ta yi bunu. Duk macen da ta taɓa riƙe fartanya ta san NPK ana sa shi ne cikin mako biyun farko bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na biyar zuwa na shida. Takin da ya zo a watan Agusta ihu ne bayan hari. Shi ya sa washegari za ku gan shi a kasuwa.

In mun yi magana sai a ce wai mace ba manomiya ba ce. Haba jama'a! Wa ke roron wake? Wa ke ɓarar gyaɗa, sussuka da shiƙa? Wa ke turara shinkafa a Kura? Wa ke matse mai ta soya ƙuliƙuli? Gwauruwar da ke ciyar da marayu da 'yar gayaunarta fa, ita mece ce? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ranar rubuta sunayen manoma a ce maigida ya wakilce mu, amma ranar zaɓe ba wanda ke wakiltarmu, mu ke bin layi cikin rana da goyo a baya.

Kada wani ya ce mana ba ya yiwuwa. A 2012 an yi tsarin da manomi ke samun saƙo a wayarsa, ya je da kansa ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Yana da nasa matsalolin, amma ya nuna ana iya tsallake ɗan tsakiya. A 2017 an sayar da buhun NPK a kan naira 5,500. Yau ki je ki tambaya, ya haura ninki biyar. Alhali a ƙasar nan ake yin yuriya, a Eleme da Lekki, har ana fita da ita waje.

Tun 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi harkar noma. Suka sake nanatawa a Malabo a 2014. Har yau kasafin tarayyar Najeriya bai kai nan ba. Amma kuɗin atamfa, sabulu da taliya ba sa yankewa in zaɓe ya zo. Atamfar ta koɗe, rumbu kuma wayam.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya shigo mazaɓarki, na wata jam'iyya ne ko namu na gida, a tare shi da buƙatu uku:

1. Taki da iri su iso kafin ƙarshen watan Mayu.
2. A rubuta mace da sunanta da lambar wayarta, ko gonar aro take nomawa.
3. A liƙa jerin waɗanda suka karɓa a ƙofar gidan mai unguwa, kowa ya gani.

Shugabannin mata na mazaɓu, ku fara rubuta sunayen mata manoma tun wannan makon, gida-gida, har da na cikin kulle masu ba da ƙwadago. Wadda ba ta da waya a sa lambar ɗanta. In muka je da takarda a hannu, wallahi ba mai ce mana babu mu.

Wanda ya kawo atamfa, mu ce masa mun gode, ina takin?

A tura wa sauran zaurukan mata. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Daga ofishin Shugabar Mata