TIYAR GERO DA ƊAKIN HAYA: MAGANA GA MUTANEN MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a bakin kasuwa ko a gindin itace bayan La'asar. A shiga cikin gida kuma a karanta wa iyayenmu mata, don su ke auna tsaba, sun fi kowa sanin abin da za mu faɗa.

Bari in fara da tambaya. Kai mai saurarena, kakanka ya taɓa biyan kuɗin haya? A da, in saurayi zai yi aure, sai ubansa ya nuna masa wani lungu cikin gida. A kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a saro azara, kafin rani ya fita ɗaki ya tashi. Haya ta ma'aikacin gwamnati ce da aka yi wa canjin wurin aiki, ko baƙon ɗan kasuwa. Yau fa? Magidanci mai gona, mai rumbu, mai gidan gado a ƙauyensu, shi ne ke yawo unguwa-unguwa a Mafara yana neman ɗaki guda da zai zuba mata da 'ya'ya. In ya samu, a ce sai ya biya na shekara a dunƙule.

Ni na yi aikin koyarwa kafin in shiga aikin jam'iyya, kuma a rajistar aji na fara ganin wannan abu. Tsakiyar zango sai a kawo yaro, a ce daga ƙauye kaza suka taso. In ka tambaye shi ina suke kwana, ya ce a kangon wani Alhaji da ba a gama rufawa ba, ko a zauren kawunsa. Ni kaina ɗakin da nake haya a lokacin sau biyu ana ƙara mini kuɗinsa cikin shekara biyu, albashi kuwa yana nan inda yake. Ban ga laifin mai gidan sosai ba. Masu nema sun yi yawa, ɗakuna ba su ƙaru ba, shi ma tiyar da nake saye ita yake saye.

To me ya taso mutane? Kun fi ni sani. 'Yan bindiga sun hana noma, inda suka bari a yi kuwa sai an biya su kafin shuka, a sake biya kafin girbi. Ba mu manta da 2021 ba. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Daga nan aka rufe layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako na wani lokaci. Duk manomin da ya gudo cikin gari, asara biyu aka yi. Dammunan da zai kawo kasuwa babu su, shi kuma ya koma mai sayen tiya, ya koma mai neman ɗaki. Shi ya sa nake ce maku tsadar tiya da tsadar haya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ana cikin wannan sai ga na Abuja. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya tashi, na kabu-kabu ya tashi, na injin ban-ruwa da na niƙa duk suka bi. Siminti, wanda a Kalambaina ta Sakkwato ake yin sa, nan kusa da mu, buhunsa ya haura naira 10,000 a wasu kasuwanni a farkon 2024. Kwanon rufi da ƙusa da katako ba a magana. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Madalla. Amma manomi wa ke biyansa albashi? Da hatsi ya sauko a 2025 mai saye ya ɗan numfasa, manomi kuwa ya kasa mayar da kuɗin takinsa. Kuɗin haya fa, kun taɓa jin ya sauko?

Dattawa, a nan ku za ku gyara mini, don ni ba a haife ni ba lokacin, daga bakinku na ji. Wannan ba shi ne karo na farko da aka raba mutumin ƙasar nan da gidansa da gonarsa ba. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi dubban mutane, aka kai mutanen Maradun sabon matsuguni. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin aikin ban-ruwa, katafila ta shiga ta baje, ta ture itatuwan da aka gada, suka yi damina bayan damina ba shuka. Na ƙasa da dam kuwa, ambaliyar da ke jiƙa fadama kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Mutane suka nemi diyya, aka yi ta yi masu gobe-jibi. Da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu. Abin da suka nema bai wuce wurin noma da wurin kwana ba.

Akwai wata doka da ya kamata kowa ya sani, ko bai taɓa shiga aji ba. Ita ce dokar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, kuma tana aiki har yau. Ta ce ƙasar jiha duka amana ce a hannun gwamna. Filin cikin birni gwamna ke ba da shi, na karkara kuwa ƙaramar hukuma na da ikon ba mutum ya yi noma ko ya gina. In hukuma ta karɓi filinka don aikin jama'a, abin da ke kai ake biya, wato gini da shuka da itatuwa, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Kun ga ke nan maganar fili ba a Abuja take ba. Tana Gusau, tana sakatariyar ƙaramar hukumarku, a hannun mutanen da ƙuri'arku ke ɗorawa.

Za su zo su ce maku, ai wane ɗanmu ne. To mu lissafa. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari na Mafara ya yi daga 2011 zuwa 2019. Bello Matawalle na Maradun ya yi daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan a garuruwan nan uku, tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996. Ba zagin kowa ya kawo mu ba, an yi tituna, an yi gine-gine, jami'ar jiha ma a Mafara take, ga kwalejin Abdu Gusau. Ɗaliban nan da malamansu su ma ɗaki suke nema, a garin da ɗaki ya riga ya yi wuya. Abin da nake cewa, zama ɗan gari kaɗai bai taɓa rufa wa talaka ɗaki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku ne masu ɗakin.

Mu ba za mu ce maku za mu sauko da kuɗin mai ba, wanda ya ce maku haka daga kujerar majalisar jiha, ku bar shi da Allah. Ba kuma za mu yi alkawarin gidaje dubbai ba. An yi irin wannan a zamanin Shagari, aka ce gida 2,000 kowace jiha kowace shekara, ku tambayi dattawa manomi nawa suka shiga. Abin da jam'iyyarmu ta ɗauka shi ne wanda doka ta riga ta sa a hannun jiha da ƙaramar hukuma. A yanka filaye a gefen gari, inda jami'an tsaro ke iya kaiwa, a haƙa rijiya tun kafin a raba. A karanta sunayen waɗanda aka ba a bainar jama'a, a ƙofar hakimi, kowa na ji. A fara da waɗanda aka koro daga ƙauyukansu, kuma matar da aka kashe wa miji a rubuta fili da sunanta, kada a ce sai ta kawo wani namiji. A ba da takarda, a biya kaɗan-kaɗan bayan kaka, a hana sayarwa har wasu shekaru, don mun san dillalai, kafin tawada ta bushe sun tattara takardun a aljihun mutum guda.

Ginin kuma ba dole sai da bulon siminti ba. Jan ƙasa muna da ita, maginan gargajiya suna nan da ransu. In aka tsaya aka yi tushe mai kyau, aka yi yaɓe, aka sa indararo, ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi a bazara, kowa ya sani. A koya wa samari aikin, hukuma ta taimaka da kwanon rufi bashi. Sannan duk aikin gwamnati da zai ci gona ko gida, a biya diyya a hannu kafin katafila ta taka wurin. Wannan mun ɗauko shi ne daga Bakolori.

Fili a gari fa ba ya maye gurbin gonar gado. Burin kowa ya koma garinsu ya yi noma lafiya, kuma wakilin da ba zai iya tashi a majalisa ya ambaci sunan ƙauyenku ba ranar da aka kai hari, bai cancanci ƙuri'arku ba, ko namu ne.

Saura magana guda, ga 'yan'uwa da suka baro ƙauyukansu. Da yawa katin zaɓenku na rumfar can ne, inda ba ku iya zuwa. Doka ta ba ku dama ku nemi a mayar da rajistarku inda kuke zaune yanzu, wanda katinsa ya ƙone ko ya ɓata kuma ya nemi wani. Ana yin wannan a ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma, lokacin da aka buɗe rajista, kuma ba a biyan ko kwabo. Mutanenmu za su zauna a bakin kasuwar Mafara kowace Talata, wanda bai iya cika takarda ba ya zo a raka shi.