GIGIN TSUFA CIWO NE, A KAI TSOFAFFI ASIBITI

Da yawa daga 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun da Anaca sun baro iyaye a gida, waɗansu kuwa sun ɗauko su suna zaune tare a Kurmi. In tsoho ya fara mance sunan jikansa, ko ya tafi masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai a ce tsufa ne, ko sammu, ko iska. Tsohuwar da ta ɓace a titin Ikko tana sambatu kuwa, ba wuya a taru a kanta ana kiranta mayya.

Likitoci sun tabbatar wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma iri-iri ne. Mafi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, watau ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su riƙa mutuwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 bisa ɗari na masu gigin tsufa shi ke damunsu. Na biyu yakan zo in jini bai isa ƙwaƙwalwa sosai ba, galibi saboda hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki. Akwai mai sa tsoho ganin abin da babu tare da makyarkyata, akwai kuma mai fara canja halin mutum tun bai kai shekara 65 ba.

A asibitoci irin na Yaba, na Aro a Abekuta da na Jami'ar Badun, likita zai yi wa tsoho tambayoyi, ya auna jini, in ta kama a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Wani mantuwar tasa ƙarancin bitamin B12 ne kawai, ko baƙin ciki mai tsanani, kuma waɗannan suna warkewa. Na Alzheimer har yanzu ba shi da maganin warkewa, amma ƙwayoyi irin su donepezil sukan sassauta shi na wani lokaci.

Saboda haka aika kuɗin cefane gida kaɗai bai wadatar ba. Lalle ne ɗa ya sa a riƙa auna hawan jinin iyayensa, ya kai su asibiti da zarar mantuwa ta yi yawa. Tsohon da ke yawan fita a sa masa takarda mai adireshi a aljihu, sarakunan Hausawa na Sabo da Agege kuma su faɗakar da jama'arsu. Allah ya sa a rabu da iyaye lafiya, amin.