Ɗan'uwa, kada ka liƙe fitilar nan da salatif

Idan ka taɓa shiga Golf ta haya daga Kademi zuwa Gaya, ko ka zarce Wudil ranar Juma'a, wata rana ka leƙa gaban direba. Akwai yiwuwar ka ga ɗan baƙin salatif a manne kan gilashin dashbod. Ƙarƙashinsa fitila ce ja da ta dami mai motar, shi kuma ya yi maganinta ta hanyar rufe mata baki. A gidanmu ma mun yi haka, kuma mun ji a jikinmu, shi ya sa na ce bari in yi magana da kai, musamman idan kana cikin samarin da aka fara damƙa wa makullin mota.

Yayana yana da Golf 3, irin wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, wato motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita ake cefanen gida, da ita ake biya min kuɗin makaranta. Lokacin hunturun bara fitilar ruwan injin ta fara wasa da hankalinsa. Da asuba idan ya tayar, sai ta riƙa ƙyaftawa. Can sai ta yi shiru. Ya faɗa rami ko ya sha kwana, ta dawo. Ya kai wa wani bakanike, mutumin ko bonet bai ɗaga sosai ba ya ce, "Sensa ce kawai, duk Golf haka suke." Aka manna salatif, kowa ya huta. Bayan mako uku, muna dab da gadar Wudil, ina kujerar baya da jakata zan koma makaranta, hayaƙi fari ya turnuƙe daga gaba. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Buhun gero uku da tunkiyar Inna suka tafi a gyaran, motar ta yi kwana goma a gareji babu ko sisi da ke shigowa.

Ra'ayina shi ne, fitilar da ke zuwa tana tafiya ta fi wadda ta tsaya cak amfani, domin tana gaya maka abu tun yana ƙarami. Matsalar mu ce ba mu tambayarta yaushe take zuwa. A aji ana koya mana cewa labari ba ya cika sai ka amsa me, yaushe, a ina. Wallahi mota ma haka take.

Ga yadda abin yake a irin waɗannan motoci. Akwai farar robar nan mai kama da ƙwallo a gefen injin, inda ake zuba ruwa. A cikinta akwai 'yan ƙarafa biyu da ke nutse a ruwa. Muddin ruwa ya rufe su, fitila shiru. Da zarar sun fito fili, sai ta fara ƙyaftawa. Shi kuma ruwa idan ya yi sanyi yana tsukewa, idan ya yi zafi ya kumbura. To ka ga idan ruwanka ya ɗan ragu, da sanyin asuba zai sauka ƙasa da ƙarafan, injin na ɗaukar zafi ya hau ya rufe su. Ka faɗa rami, ruwan ya karkata gefe guda, fitila ta sake kamawa. Abin da motar Yaya ke faɗa ke nan tun ranar farko: ruwa na raguwa a hankali, akwai inda yake zuba.

Kada in zalunci bakanike, wani lokacin gaskiyarsa ce. Mu nan ruwan rijiya ko na burtsatse muke ɗurawa, in an matsu a fasa fiya wata. Irin wannan ruwa yana barin farin dauɗa da tsatsa a jikin ƙarafan, har su daina jin ruwan, fitila ta yi ta ƙarya. Waya ma tana iya sakin jiki. Amma bambance ƙarya da gaskiya a nan ba ya cin ko kwabo. Da safe kafin ka tayar, duba robar, akwai layi biyu a jikinta, na ƙasa da na sama. Ɗauki hoto da wayarka. Gobe ka sake, jibi ka sake. Idan ruwan yana nan inda yake, fitila kuma na ƙyaftawa, to a wanke ƙarafan ko a sauya robar, ana samunta a Ƙofar Ruwa. Idan kuwa yana sauka, ko da kaurin ɗan yatsa ne, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, ka bi tiyo-tiyo kana neman farin busasshen tabo, ka duba lagireto da murfin robar. Ka taɓa dardumar ƙafar gaba ko da danshi. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga abu kamar madara a jikinsa, maganar ta wuce tiyo, gasket ya fara tafiya.

Allurar zafi ma ka sa mata ido. A Golf 3 mai lafiya tana zama wajen 90. Fitila na ƙyaftawa allura na hawa, ka sauka gefen titi ka kashe, ko fasinja za su zage ka. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin nan injin na da zafi. Ruwan a matse yake, zafinsa kan wuce 100, zai yi tsalle ya same ka a fuska.

Na san abin da za ka ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direban haya lissafin lita yake yi, wa ke da kuɗin ruwan kanti mai kala? Na yarda. Amma wannan talaucin ne ya sa ba mu da halin yin caca da injin. Mai kuɗi idan ya ƙona gasket zai hau wata motar. Mu kuwa sai a waiwayi rumbu. Kuma yanzu da sanyi motar na iya jure wa ƙarancin ruwa, bari Afrilu ta zo zafi ya haura 40, ga lodi har kan but, ka gani.

Ranar da aka sauke injin Yaya na tsaya a garejin. Yaron bakaniken ne ya zaro wani ɗan tiyo daga bayan injin, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, ya lanƙwasa shi ya nuna mana tsagar. Yaya ya karɓa ya daɗe yana juya shi, sannan ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin.