Takardar Awon Jini Ba Hukuncin Kisa Ba Ce

Akwai wata damuwa a gidajen manoma wadda ba a cika kawo ta wurin taron ƙungiya ba. Mace tana fama da gajiya wata da watanni, tana jin sanyi ko da bazara, jiki ya yi nauyi, gashi yana zuba. Wata kuwa tana ci sosai amma tana ramewa, zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, barci ya gagara. An sha maganin zazzaɓi har an gaji. A ƙarshe aka je asibiti, aka ɗebi jini, aka ba da takarda mai haruffan TSH da T4, aka ce awon bai fito daidai ba. Sai a dawo gida a jefa takardar cikin akwati. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce ragwanci ne kawai.

Mu dai muna ganin wannan takarda farkon hanya ce. Wanda ya gane abin da take faɗi, ba zai sayar da buhun masara ya kai wa boka ba.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai kamar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiranta tairod. Ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da wani sinadari cikin jini, wato T4, wanda yake tsara saurin aikin jiki duka. TSH kuwa saƙo ne daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai umartar tairod ta yi aiki.

Ku tuna da mai huɗa da shanu. Idan shanu sun yi sanyi, sai ya yawaita tsawa. Idan suna gudu fiye da kima, sai ya yi shiru. TSH ita ce tsawar. Saboda haka idan TSH ta hau, T4 ta sauka, tairod ta yi sanyi ke nan, shi ya sa ake gajiya da jin sanyi. Idan TSH ta faɗi ƙasa, T4 ta hau, tairod tana aiki fiye da kima, shi ya sa ake rama da bugun zuciya. A yawancin asibitoci ana ɗaukar TSH tsakanin wajen 0.4 zuwa 4 daidai ne, amma kowane ɗakin awo yana rubuta nasa ma'auni a gefen takarda.

Awo ɗaya ba ya yanke magana. Ciwo mai tsanani, da juna biyu, da watannin bayan haihuwa, duk suna iya karkatar da sakamako. Idan lambar ta kauce kaɗan ne, likita yakan ce a dawo bayan mako 6 zuwa 8 a sāke awo. A nan ne mutanenmu da yawa suke tsayawa, domin kuɗin mota da kuɗin awo sun yi nauyi. Haka kuma idan awo ya fito daidai amma gajiya tana nan, kada a ce mai ciwo ƙarya take yi. A nemi a duba ƙarancin jini, ciwon sukari da tarin fuka.

Duka biyun suna da magani. Mai tairod mai sanyi takan sha ƙwayar tairoksin kowace safiya kafin karin kumallo, sau da yawa har iyakar rai. Kada a haɗa ta da ƙwayar ƙarin jini, a bar kamar awa 4 tsakaninsu. Mai tairod mai gudu akan ba ta kabimazol. Idan tana shansa sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ta, ta dakatar da shi ta tafi asibiti a ranar. Kumburin wuya mai tauri, ko mai saurin girma, ko wanda ya dushe murya ko ya hana haɗiya, ba a jira da shi, ba a kuma kai shi wurin wanzami a tsaga.

Akwai abin da yake hannunmu. Tairod ba ta aiki sai da aidin, ƙasar tuddai irin ta Filato kuwa ruwan sama ya daɗe da wanke nata. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Mu sayi gishirin leda mai aidin, mu rufe shi, mu nisanta shi da rana da laima. Rogo mai ɗaci a jiƙa shi kwana uku zuwa biyar kafin a sarrafa, gama dafinsa yana hana tairod karɓar aidin. Mai juna biyu ta fi kowa bukata, domin ƙwaƙwalwar jariri da shi take ginuwa. Amma gishiri riga-kafi ne, ba ya maye gurbin maganin likita, aidin na wanke rauni kuma ba a shansa.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta yi abu uku a taronta na gaba. A keɓe wani abu daga asusu domin rancen kuɗin mota da awo na biyu. A zaɓi mutum ɗaya mai karatu ya riƙa raka marasa lafiya, ya rubuta abin da likita ya faɗa, ya adana takardun bi da bi. Kantin ƙungiya kuma kada ya sayar da gishirin da ba shi da aidin.

Magidanta, kafin ku kira matanku ragwaye, ku raka su asibiti. Muna da asusun taki da na iri. Mai riƙe fartanya ma ta cancanci nata.