Wasiƙa ga masu wanke motocin wasan yara na gwanjo a Rido

Ƙannena da 'ya'yana,

Na san wahalar da kuke sha. Ku sayo buhun kayan wasa na gwanjo, ku tsince, ku wanke, ku baza a Mararrabar Rido ko ku kai Sabon Tasha, har uban da ba shi da kuɗin sabuwa ya samu abin riƙe wa ɗansa ranar Sallah ko Kirsimeti. Sana'a ce ta halal, Allah ya sa mata albarka. Sai dai ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Fetur ne. Wa ya koya muku wanke motar roba da fetur? Mu da muke zaune a gindin matatar mai tun da aka buɗe ta a 1980, warin mai ya daina ba mu tsoro. Da yawanku kuma ta gareji kuka biyo, inda ake tsoma ƙarfe a fetur ya fito fes. To, roba ba ƙarfe ba ce. Jikin yawancin motocin nan da robar ABS ake yin sa, ko wata danginta mai saurin karyewa, kuma fetur da tina cin su suke yi. Ƙyallin da kuke gani bayan kun goga, fatar robar ce ta narke. Daga baya sai ta dusashe, gilashin ya yi hazo, tsagewa ta fara daga gindin sukurori inda robar take a ɗaure. A hannunku motar lafiya lau, a hannun yaro take wargajewa, uwarsa ta dake shi a kan ɓarnar da ba shi ya yi ba. Ga kuma saurar fetur a jikinta, kun kuwa san ƙaramin yaro ba abin da ba ya kaiwa baki.

Ruwa mai ɗumin da hannu zai jure, sabulu, da tsohon buroshin haƙori: sun isa. A shanya a inuwa, don tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba, rana kuma tana busar da ita ta yi gautsi.

Amma kafin wanki akwai buɗewa, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Sai ka ga ɗayanku ya kwance sukurori huɗun da idonsa ya gani, motar ta ƙi rabuwa, ya cusa bakin sukudireba a tsakani ya banƙare kamar mahauci yana fasa ƙashi. In mota ta ƙi buɗuwa, akwai abin da ya riƙe ta. Duba ƙarƙashin sitika, cikin gidan batir, bayan taya. In ba sukuru ba ne, 'yan haƙoran roba ne da suka sarƙe ta ciki; da tsohon katin roba ake bin gefen a hankali har su saki. Inda ka ga robar ta fara yin fari, dakata, gab take da karyewa. Ƙananan motocin ƙarfe kuwa irin su Matchbox da Hot Wheels, ƙusa aka dasa musu, ba a yi su don a buɗe ba. A goge su a haka.

Tsofaffin masu gyaran rediyo da agogo da muka taso muka tarar a Kaduna ba haka suke aiki ba. Mutum zai shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kowane sukuru daidai da ramin da ya fito, domin dogo in ya shiga ramin gajere huda jikin yake yi. In zai mayar, sai ya fara juya shi baya har ya ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ya ɗaure, bai yanka sabo ya cinye ramin ba. Haka makanikan da suka koyi aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Mu kanmu da muke yara, motar kara da ta langa-langa muke ƙerawa, mun san inda kowane abu yake shiga tun da mu muka sa shi. Yau an ba ku mota ƙerarriya, da inji da fitila, ga waya a aljihunku da za ku ɗauki hoton cikinta kafin ku taɓa komai, amma haƙurin minti biyar ya gagara. Wannan ba rashin kayan aiki ba ne, ganganci ne.

Ku yi mini afuwa in na zafafa. Damuwa ce.

In kun buɗe, ku ware injin da wayoyi da sifirin gefe, kada ruwa ya taɓa su. Batir in ya zube, ku duba irinsa: farin garin da irin su Duracell suke bari, ruwan lemun tsami ke kashe shi, na Tiger Head da danginsa kuwa ruwansu mai tsami ne, ɗan ruwan kanwa ya fi dacewa da shi. A goge, a bar shi ya bushe sarai. Kada ku ɗiga baƙin mai a haƙoran giya na roba. Shi ma ɗan'uwan fetur ne wajen ɓarna, ga shi yana tara ƙurar hunturu. Ɗan giris na silikon ya wadatar.

Roƙona na ƙarshe a kan sukurun murfin batir ne, wanda kuke yarwa ku manna salatif. Masu ƙera motar sun sa shi ne don kada yaro ya kai ga batir, musamman ƙananan nan masu kamar maɓallin riga. In yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona shi ta ciki. In sukurun ya ɓace, ku ciro wani daga motar da ta mutu. In ba ku samu ba, ku cire batiran, ku sayar da ita a matsayin motar turawa, ku gaya wa mai saye gaskiya.

Allah ya ba da kasuwa. Ku gaida iyayen gidanku.

Naku,
wani dattijo mai gyaran rediyo a Rido