Hiroshima: Makarantar Da Aka Gina A Kan Toka

Sanin kowa ne cewa ranar 6 ga Agusta, 1945, da ƙarfe takwas da kwata na safe, jirgin yaƙin Amurka ya jefa bom ɗin ƙare-dangi a kan birnin Hiroshima na ƙasar Japan, kuma kafin shekarar ta ƙare mutane wajen 140,000 sun halaka. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne yadda birnin ya miƙe, alhali kuwa a nan ne darasin yake ga duk wanda aka danƙa wa aikin hukuma.

Mutanen Hiroshima ba su bar maganar zaman lafiya a bakin masu jawabi ba, sai suka mai da ita doka. A 1949 majalisar ƙasar ta zartar da doka ta musamman domin sake gina birnin a matsayin wurin tunawa da zaman lafiya, mazauna garin kuma suka amince da ita ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Dokar ce ta buɗe ƙofar samun kuɗi da filayen gwamnati. Unguwar Nakajima da ta ƙone ƙurmus aka mayar dandali, aka buɗe gidan tarihi a cikinsa a 1955. Hatta kangon ginin nan mai ƙubba sai da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa, domin wasu ba su son ganin abin da ke fama musu miki, kafin majalisar birni ta yanke shawarar adana shi a 1966.

A kan wannan tushe aka ɗora koyarwa. Cibiyar horarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNITAR, ta buɗe ofishi a birnin a 2003, kuma tun 2015 take horar da jami'an gwamnatocin Asiya dabarun shawarwarin kwance ɗamarar nukiliya. Jami'in da ya zauna gaban tsohuwar da ta ga ranar da idonta, da wuya ya sake ɗaukar batun a matsayin lissafin takarda. Sai dai shaidun suna ƙarewa: a 2025 waɗanda suka rage ba su kai 100,000 ba, matsakaicin shekarunsu kuma ya haura 86. Hukumar birnin ta hango haka, shi ya sa tun 2012 take horar da magada waɗanda ke karɓar labari daga bakin tsofaffin domin isar da shi.

Amma fa akwai abin takaici. Gwamnatin Japan, wadda ke fake a inuwar makaman Amurka, ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017, ko da bayan ƙungiyar waɗanda suka tsira, Nihon Hidankyo, ta sami lambar Nobel a 2024. Malamin da ke hana abin da yake dogaro da shi, dole ɗalibi ya yi masa tambaya.

Nijeriya na da bakin yin wannan tambaya. A Janairun 1961 ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bom a hamadar Sahara, sannan ta tabbatar da yarjejeniyar ta 2017 ranar 6 ga Agusta, 2020, daidai cikar shekara 75 da harin Hiroshima.